Yadda ake ɗauke domen daga wani kamfani zuwa wani ba tare da imel ɗinka ya mutu ba

Jiya da daddare wani abokina mai shagon kwamfuta a wajen Ringim ya kira ni, wai zai ɗauke domen ɗin Islamiyyar garinsu, wato sunan shafinsu na intanet, daga kamfanin da yake ya kai wani mai sauƙin kuɗi, yana tambayata minti nawa abin zai ci don cajin wayarsa ya kusa ƙarewa. Nace masa malam minti kuma? Kai dai nemi wuri ka zauna. Shi yasa nace bari kawai in rubuta abin gaba ɗaya kowa ya huta, don ni na riga na ƙone a kan wannan harkar, kuma gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Ni ɗan ƙaramin shago gare ni a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, POS da fotokwafi da cike fom na ɗalibai, sai kuma shafukan intanet guda uku da nake kula da su, ɗaya a ciki na ƙungiyar masu riɗi da zoɓo ne na yankinmu. Shafin ba wani abin a zo a gani bane, hotunan buhuna ne da lambar waya, amma imel ɗin dake jikin domen ɗin shine ran kasuwar, ta nan 'yan Legas masu fitar da kaya waje suke turo musu takardu. Tunda aka saki naira a 2023 dala ta yi tashin gwauron zabi kuɗin sabuntawa ya zama abin magana, ga katin naira a lokacin ka saka ya ƙi biya a waje, sai Alhaji shugaban ƙungiya yace min "ɗana, a dawo mana da abin nan inda zamu biya da kuɗinmu". Nace an gama ranka ya daɗe, kwana biyu ma yayi yawa. Wata uku muka ɗauka.

Kafin komai sai ka raba abubuwa uku a kanka, don yawancin ɓarnar daga cakuɗa su take farawa. Domen shine sunan, wato kaza.com. Hostin shine sito inda kayan shafin suke ajiye, hotuna da rubutu, wani lokacin har da akwatin imel. DNS kuma kamar yaron tasha ne da yake nuna wa baƙo hanya, wanda ya zo neman shafi ya nuna masa wancan sito, wanda ya zo da wasiƙa ya nuna masa wancan akwatin. Tiransifa, wato ɗauke domen zuwa wani kamfani, sunan kaɗai take ɗauka. Bata ɗaukar sito, bata ɗaukar wasiƙun da ke akwati, kuma yaron tashar nan in ɗan gidan tsohon kamfani ne to ranar da ka bar su shima zai iya naɗe tabarmarsa. Su kansu kamfanonin da muke saya a hannunsu, irin su Namecheap da GoDaddy da namu na gida, dillalai ne. Babban littafin da ake rubuta duk sunayen .com yana hannun wani kamfani Verisign a Amurka, ƙa'idar ciniki kuma hukumar ICANN ce ke gindaya ta. Namu na .ng da .com.ng littafinsu na hannun NiRA ne, da nasu dokokin, zan zo kansu can ƙasa. Kusan kamar yadda ake fotin ɗin layi ne tun 2013, ka bar wannan kamfanin waya ka koma wancan lambarka bata canza ba.

Toh mataki na farko, kuma wlh shine ya fi kowanne: gano sunan wa da imel ɗin wa ke kan domen ɗin. Ba wanda ya biya kuɗi ba fa, wanda aka rubuta. A ƙauyukanmu yadda ake yi shine a samu wani yaro ɗan boko ace ya buɗe mana shafi, shi kuma ba da mugun nufi ba sai ya yi rajista a cikin akawun ɗinsa da Gmail ɗinsa da layinsa, a biya shi a watse. Haka aka yi da ƙungiyar su Alhaji. Yaron ya tafi bautar ƙasa kudu ya samu aiki can, layin da ya yi rajista da shi kuma an rufe lokacin haɗa layi da NIN. A idon kamfani shine mai domen, su Alhaji da risit ɗinsu na hannu da shaidu goma baƙi ne. Allah ya taimake mu yaron ɗan mutunci ne, ta hannun kawunsa muka samu sabuwar lambarsa. Saboda haka kai ma ka fara shiga dashbod ɗin tsohon kamfani da kanka, wato shafin akawun ɗinka a wajensu, ka tabbatar fasawod yana aiki, ka duba imel ɗin da ke wajen mai rajista, ka tura masa saƙon gwaji ka gani da idonka ya shiga. In kuma baka da dashbod kwata-kwata, wani ne ya saya maka a ƙarƙashin akawun ɗinsa na dillancin domen, to ta hannunsa komai zai bi, ka lallaɓa shi tun kuna shiri. Kar ka bari sai kun yi faɗa kan kuɗi sannan kace ya baka kod ɗin da ake ɗauke domen da shi.

Akwai wani tarko a nan da mutane basa gani: imel ɗin rajista ya zama yana jikin domen ɗin da kake son ɗaukewa, wato info@kaza.com shine ke riƙe da kaza.com. Ka kulle ɗaki kenan makullin na ciki. Duk ranar da domen ya samu matsala imel ɗin ya mutu, saƙon gyaran kuma can za'a tura shi.

Sai dai kar kayi saurin cewa bari in canza yanzun nan, don a daidai nan na faɗa rami. Ina ganin Gmail ɗin yaron ne a kai sai na goge na saka na ƙungiya, na canza suna ma na saka sunan ƙungiyar, ina jin kaina nayi abin kirki. Washegari na je neman fita sai naga an garƙame domen ɗin na kwana 60. Ashe tun Disamba 2016 ƙa'idar ICANN ce, in aka canza sunan mai rajista ko sunan ƙungiya ko imel, kamfani zai kulle tiransifa na kwana 60, don maganin ɓarayin da suke shiga akawun ɗin mutum su canza imel su gudu da domen. Wasu kamfanonin suna baka zaɓi kace baka son kullen, amma kafin ka tabbatar da canjin ake zaɓa, wani ɗan ƙaramin akwati ne da ido yake tsallakewa musamman a waya, in ya riga ya kulle ko kuka kayi wa masu sapot haƙuri zasu baka. Dabarar ita ce in mai tsohon imel ɗin yana raye kuna magana, bar komai yadda yake, ya riƙa turo maka saƙonnin har a gama, in an isa sabon gida sai ka gyara suna a can, kullen da zai biyo baya bai dame ka ba tunda ba inda zaka. In kuma imel ɗin ya mutu murus babu yadda zaka yi, canza ka nemi akwatin nan, in babu ka ƙirga kwana 60 ɗinka.

Na biyu, lissafin kwanaki. Buɗe lookup.icann.org ka rubuta domen ɗin, kyauta ne kuma baya cin data sosai. Sunan mai shi yawanci a ɓoye zaka gan shi tun da Turai ta kawo dokarta ta sirrin bayanai a 2018, amma zai nuna maka kamfanin da ke riƙe da shi, ranar da aka yi rajista, ranar ƙarewa, da halin da yake ciki. Domen ɗin da bai kai kwana 60 da saye ba baya tashi, wanda bai kai kwana 60 da wata tiransifar ba shima haka. Sai ranar ƙarewa. Ni shawarata in saura ƙasa da wata ɗaya kar ka fara, biya su shekara ɗaya tukuna, shekarar da ka biya kafin ya ƙare bata ɓata, tana bin domen ɗin duk inda ya je, ka dai bar sati guda ya wuce bayan biyan kafin ka motsa. Mu lokacin da kullen nan ya kama mu saura kwana arba'in da 'yan kai ya ƙare, kaga dole muka nemo mai katin dala muka biya kamfanin da muke gudu, an gudu ba'a tsira ba. Alhaji bai ce komai ba, kallona kawai yayi yace "Allah ya kyauta", wanda ya fi zagi ciwo.

In ya riga ya ƙare fa? A nan lissafin ya ɗan murɗe, bi ni a hankali. Domen irin .com in ranarsa ta cika, babban littafi yana sabunta shi da kansa ya ba dillali har kwana 45 ya yanke shawara. In ka biya tsohon kamfani a cikin waɗannan kwanakin, sannan ka ɗauke kafin 45 ɗin su cika, ana mayar wa tsohon kamfani kuɗin shekarar a cire ta daga domen ɗin, kai kuma ka biya sau biyu ka samu shekara ɗaya, kuma da wuya su dawo maka da naka sai ka bi su. Don haka wanda ya sabunta bayan ranar ƙarewa ya jira kwana 45 su wuce daga ranar ƙarewar. In kuma sakacin ya kai an goge shi ya shiga zangon fansa na kwana 30, a nan babu tiransifa sam, sai ka fanshe shi a hannun tsohon kamfani da kuɗi ninkin-ba-ninkin na sabuntawa. Bayan nan kwana 5 ne ya rage a sake shi kasuwa, kuma akwai masu injina da ba aikin da suke sai jiran irin wannan.

Na uku shine inda nake so ka fi daɗewa, don shine ya kashe mana imel. Koma shafin lookup ɗin nan ka duba layin nemsaba, wato sunan wajen da ke riƙe da DNS ɗinka, gidan yaron tashar nan. In sunan da ke wajen na kamfanin hostin ɗinka ne daban, ko na Cloudflare, wani kamfani mai riƙe DNS, toh ka ci sa'a, tiransifa bata taɓa nemsaba, yadda suke haka zasu bi ka. In kuma na tsohon kamfanin rajistar ne, wato DNS ɗin kyauta da suke haɗa maka da domen, to ka sani kyautar kwastoma ce, ranar da ka daina zama kwastoma suna da damar share ta, wasu nan take wasu bayan 'yan kwanaki. Mu tiransifa ta kammala lafiya na tura wa Alhaji saƙon murya ina murna, shafi yana buɗewa komai daidai, bayan kwana biyu shafi ya ɗauke, na yi ta fama na dawo da shi na manta da imel gaba ɗaya tunda ni ba amfani nake da shi ba. Sai da wani mai saye ya kira sakataren ƙungiya a waya yace shi fa duk abinda ya turo dawo masa yake, ko sun daina sana'ar ne? Kwana huɗu akwatin na mace ba wanda ya sani. Mutuwar shafi kowa yana gani, imel kuwa shiru yake mutuwa, kai kana zaton kasuwa ce tayi sanyi.

Ga yadda ya kamata in yi. Shiga wajen DNS na tsohon kamfani ka kwafe duk layukan da ke ciki, sikirinshot da kuma rubutu da biro a littafi, kar ka raina ko ɗaya. Layin A shine ke nuna lambar sabar da shafi yake. CNAME yawanci na www ne. MX sune na imel, da 'yan lambobin fifiko a gefensu, 10 ko 20, su ma ka rubuta. Sai TXT, dogayen nan masu kama da shirme, ɗaya yana farawa da v=spf1, wani na DKIM ne mai tsawo kamar igiyar guga, wani na DMARC. Waɗannan in suka ɓata imel zai riƙa fita amma sifam, wato akwatin tarkacen saƙonni, zai riƙa faɗawa a wajen mutane. Na DKIM kar ka kwafa da hannu, kwafi da liƙi zaka yi, sikirinshot ma yakan yanke ƙarshensa. Ka duba kuma ko adireshin imel ɗin naku na gaske ne mai akwati, ko kuwa irin na turawa ne kawai wanda tsohon kamfani yake karɓa ya miƙa wa Gmail, don shi wannan na biyun tare da su yake mutuwa, sai ka sake shirya shi a sabon wuri. In kuma akwatin kansa a wajensu yake, sauke tsofaffin wasiƙu tukuna, ba wanda zai ɗauko maka su.

Da ka gama kwafa sai ka gina irinsu sak a inda zasu zauna, ko a wajen hostin, ko Cloudflare da ke da na kyauta, ko sabon kamfanin in yana bari a shirya tun kafin domen ya iso. Cloudflare yana ƙoƙarin zaƙulo layukan da kansa amma yana tsallake wasu, ka gwada da littafinka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka canza nemsaba tun domen ɗin yana tsohon gida, ka bar shi kwana biyu cur, don sabobin duniya suna iya riƙe tsohon bayanin nemsaba na .com har awa 48. A cikin kwana biyun ka buɗe shafin da layi biyu daban, ka tura imel daga Gmail zuwa akwatin, ka tura daga akwatin zuwa Gmail ka duba bai faɗa sifam ba. Dalilin yin wannan kafin tiransifa shine da zarar an fara, domen yana shiga halin jira, a lokacin nemsaba bata canzuwa, in abu ya lalace sai dai ka zuba ido har a gama. Wani abu kuma: in kaga DNSSEC a kunne, kashe shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka taɓa nemsaba. Shi hatimi ne da ke shaida cewa amsar DNS ta gaskiya ce, in ka canza gida tsohon hatimi na nan a babban littafi, masu dubawa zasu ɗauka na jabu ne su ƙi buɗe shafin, sai kaji a wayar wane yana buɗewa a wayar wane baya buɗewa ka rasa gane kan abin.

Na huɗu kuɗi da zaɓen sabon gida, ba zan daɗe a nan ba. Tiransifar .com ana biyan kuɗin shekara ɗaya kuma shekarar ana ɗora ta a kan wadda kake da ita, in dai jimilla bata wuce shekara 10 ba, kaga ba asara bane. Abin dubawa shine kuɗin sabuntawa na baɗi, ba farashin tallan da suka manna da manyan baƙaƙe ba. Su kansu dillalan sama da dala 10 suke biyan Verisign kan kowane .com a shekara, duk wanda ya baka a rabin haka to yana jiranka a shekara ta biyu, araha bata ado. Mai karɓar naira ma farashin .com ɗinsa dala yake bi, sauƙin biya ka samu ba wai ka rabu da dala ba. Ka gwada katinka ko ka zuba kuɗin a walat ɗinsu tun kafin ka buɗe kulle. Sannan ka tura wa sapot ɗinsu wata 'yar tambaya kaga kwana nawa zasu yi kafin su amsa, wannan gwajin ya fi duk abinda suka rubuta game da kansu. In kuma domen ɗinka irin na kyauta ne da aka haɗa da hostin, karanta sharaɗin, wasu sai ka biya kuɗinsa kafin su sake shi.

Sai yanzu muka zo kan tiransifar kanta, wadda abokina yake zaton ita ce aikin duka. A tsohon dashbod ka nemi makullin domen ka kashe shi. Ka koma lookup ka duba, in har kana ganin clientTransferProhibited to bai buɗu ba tukuna, jira ya koma ok ko active. In akwai sabis ɗin ɓoye suna wasu kamfanonin sai ka kashe shi, kuma in na kuɗi ne ka sani baya bin ka. Sannan ka nemi kod ɗin, wasu suna rubuta EPP wasu Auth Code, duk abu ɗaya ne. Wasu nan take zai fito, wasu imel zasu tura, wasu sai ka buɗe tiket sun gama roƙonka da rangwame tukuna. A ƙa'idar ICANN kwana 5 gare su su baka shi daga ranar da ka nema, kuma basu da hurumin riƙe ka don kawai baka biya shekara mai zuwa ba. Abinda zai sa su hana da hujja shine irin bashin shekarar da ta wuce, ko shaidar zamba, ko rigima kan waye mai domen, ko umarnin kotu, ko kwana 60 ɗin nan. In sun wuce haka akwai fom ɗin ƙorafi a shafin ICANN, ka ajiye sikirinshot na ranar da ka nema.

Kod ɗin nan dan Allah ka riƙe shi kamar PIN ɗin ATM. Duk wanda ya same shi alhali kulle na buɗe zai iya janye domen ɗin zuwa akawun ɗinsa, kar a jefa shi guruf ɗin ƙungiya ace "ga shi nan wanda ya iya ya duba". Kuma yana da tsiya wajen kwafa, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya bane, ga l da I da 1 masu kama da juna, ga O da 0, ga fili da yake maƙalewa a ƙarshe in ka kwafa a waya. WhatsApp ma yana da nasa, in kod ɗin na da taurari biyu ko irin layin ƙasan nan sai ya ɗauka ado kake so, ya ɓoye su ya kaurara rubutun, mai karantawa ya rubuta abinda ya gani a ce masa ba daidai ba. Namu sau uku yana ƙi saboda haka, yaron yana can yana rantsuwa daidai ya turo. Wasu kod ɗin kuma suna da wa'adi, kar ka karɓa ka ajiye sai bayan sallah.

Ka je sabon kamfani ka zaɓi tiransifa, ba sabuwar rajista ba, ka saka domen da kod ka biya. In sun tambaye ka nemsaba kace a bar waɗanda ke kai. In ka kuskure ka zaɓi nasu alhali baka gina komai a can ba, duk wahalar da kayi a baya ta tashi a banza. Kamfanin rajistar Cloudflare dai dole sai da nemsabarsu, don haka wanda zai je can sai ya fara kai DNS ɗinsa. Daga nan ka tsare imel ɗin rajista har da sifam. Tsohon kamfani zai turo saƙo cewa an nemi ɗauke domen, kuma ka karanta shi da kyau kafin ka danna komai, don a wasu saƙonnin mahaɗin da ke ciki na sokewa ne, ma'anarsa in ba kai bane danna nan, mutum da saurinsa sai ya danna ya rushe aikinsa da hannunsa. In Turancin ya maka nauyi ka kai wa wani ya karanta, ba abin kunya bane. In baka taɓa komai ba, kuma tsohon kamfani bai hana ba, bayan kwana 5 babban littafi zai miƙa domen ɗin da kansa. Wasu kamfanonin suna da madannin amincewa a dashbod da ke gajarta abin ya koma 'yan awanni.

Ka zaɓi lokacin da zaka yi wannan satin da hankali. Mu nan kaka ba lokacin taɓa komai bane, riɗi na shigowa motoci na lodi zuwa Dawanau, ranar Alhamis kuma kowa na kasuwar Maigatari ko waya ba mai ɗauka. Makaranta kar ta yi lokacin ɗaukar ɗalibai. Ka fara Litinin ko Talata, da caji da data, in sabis ɗin garinku irin namu ne mai zuwa da tafiya gara ka hau mashin ka shiga gari ka yi biyan a can, kar kuɗi ya fita shafi ya tsaya a tsakiya ka kwana kana jiran ribasal.

Masu .com.ng da .ng, tsarin kusan ɗaya ne, buɗe kulle, karɓo kod, kai wa sabon kamfani. Bambancin shine dokar NiRA ce ke aiki ba ta ICANN ba, ƙorafi ma can zaka kai, kuma dole sabon kamfanin ya zama cikin waɗanda NiRA ta amince da su ko mai dillanci a ƙarƙashinsu, jerin na nan a shafinsu. Da yawa daga kamfanonin waje basa karɓar .com.ng kwata-kwata. Ka tambayi sabon kamfanin a rubuce nawa ne kuɗin da kuma ko za'a ƙara maka shekara, kafin ka biya. Maganar DNS da imel kuwa ba ta canza ko kaɗan.

In domen ya iso kar ka tura saƙon murna kamar ni tukuna. Duba ranar ƙarewa kaga shekarar ta hau. Mayar da kulle. Duba nemsaba suna nan yadda ka bar su, sake gwada imel shiga da fita, ka sake gwadawa bayan kwana uku da bayan sati. Yanzu ne lokacin gyara suna ya koma na ƙungiya ko makaranta, da imel ɗin da ba na jikin domen ba wanda aƙalla mutum biyu amintattu suka san fasawod ɗinsa. Za'a turo saƙon tabbatar da imel ɗin, ka danna shi da wuri, in aka yi kwana 15 ba'a danna ba suna dakatar da domen ɗin, shafi da imel duk su tsaya. Kunna tsaro mai hawa biyu, wato bayan fasawod sai an saka wata lamba daga wayarka, lambobin ajiya da zasu baka ka rubuta a takarda a saka cikin fayil ɗin ƙungiya, tunda layi yana ɓata waya tana faɗawa rijiya. Mai son DNSSEC ya sake kunna shi da sabon hatimi. A tsohon kamfani ka kashe cire kuɗi da kansa na abubuwan da ka bari, amma ka lura kar ka haɗa da hostin in har shafin yana can. Kuma daga yanzu duk imel ɗin da ya zo da jan rubutu wai domen ɗinka zai mutu gobe biya nan, kar ka bi ta ciki, shiga dashbod da kanka ka duba, da yawansu 'yan damfara ne, wasu kuma tiransifa ce suka yi wa rigar sabuntawa.

Shi abokin nawa na Ringim muna cikin waya na sa ya buɗe lookup. Saura kwana 19 domen ɗin ya ƙare, nemsaba na tsohon kamfani ne, imel ɗin rajista kuma na wani malami ne da ya koma Dutse da aiki bara. Nace masa ya biya shekara ɗaya gobe da safe, ya nemo lambar malamin, sauran sai bayan yara sun gama jarabawa. Yace toh amma kuɗin fa hedimasta ya riga ya bashi na sabon kamfani ne, kafin in bashi amsa cajin nasa ya ƙare.